Wa Ke Rainon Yaro da Damina? Tarihin Dogon Hutu a Ƙasar Yauri

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa tsakiyar Satumba makarantun boko suna rufe, kuma a gidajen ma'aikata da yawa wannan ne kaɗai lokacin da uba ko uwa ke wuni da ɗan shekara huɗu ko biyar, tun daga karin kumallo har kwanciyar barci. Wanda ya taɓa yi ya san nauyinsa. Makon farko akan yi shi cikin murna, na biyu gajiya ta sauko, daga na uku kuma sai mutum ya lura yaron nan yana tambayar abubuwan da shi kansa bai taɓa zama ya yi tunaninsu ba. Da yawa cikinmu mukan ɗora wa kanmu laifi, mu ce iyayenmu sun fi mu haƙuri. Tarihi bai goyi bayan wannan zargi ba. Iyayenmu ba su taɓa yin irin wannan zama ba, domin a zamaninsu rainon yaro da damina aikin mutane da yawa ne, kuma kaso mafi girma na aikin wurin zama ne ke yin sa: gona da kogi da zaure da ɗakin kaka.

Ƙasar Yauri ta dace ƙwarai a bi diddigin wannan batu a cikinta. A wasu wurare canjin ya zo sannu a hankali, har ba a san ranar da ya fara ba. A Yauri kuwa ana iya nuna shekarun da yatsa: 1968, da ruwa ya rufe tsibirai, 1973 da 1976, da kalandar makaranta ta kama yaro, sai 2021, da tsoro ya shiga tsakanin iyaye da kogi, ya kuma shiga tsakaninsu da makaranta. Kowace shekara cikin waɗannan ta janye wani hannu daga hannuwan da ke riƙe da yaro, har aka wayi gari saura huɗu, a wani gidan ma biyu.

Ƙasar da ruwa ke tsara wa shekara

Masarautar Yauri a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku na jihar Kebbi: Yauri da Ngaski da Shanga. Tsohuwar ƙasa ce, tana cikin jerin da aka saba kira Banza Bakwai, kuma tsohuwar fadarta tana Birnin Yauri, kudu da Yelwa. Yaƙe-yaƙen cikin gida na ƙarni na 19 da hare-haren Kontagora suka raunana birnin, har Sarki Abdullahi Abarshi ya kafa fada a Yelwa, a bakin kogi, a 1888. Sarauta tana hannun Hausawa, amma ƙasar ta al'ummu ce da yawa: Kambari da Dukkawa a tudu, Shangawa da Lopawa a gaɓar kogi, Sarkawa masunta da suka gangaro daga Kabi, sai mutanen tsibirai waɗanda Hausawa suka kira Gungawa, daga kalmar gungu, su kuwa suna kiran kansu Reshe.

A daminar 1830 wasu Turawa biyu, wa da ƙane, Richard da John Lander, sun hauro kogin Kwara daga Busa cikin kwalekwale. Sun yi makonni a Birnin Yauri suna neman takardun Mungo Park, wanda ya halaka a duwatsun ruwa na Busa shekara ashirin da 'yan kai kafin zuwansu. Ba su sami takardun ba, amma sun bar bayanin abin da suka gani: babban birni mai ganuwa, da ƙasa mai noma shinkafa da albasa da baba da taba. Duk wanda ya san kasuwar Yauri ta yau zai gane biyun farko nan take.

Abin da ya ba ƙasar wannan albarka shi ne kogin yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta damina ce, daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan saman yankin ne da gulabe irin na Kabi ke kwararowa da shi. Yana zuwa da laka, ya yi fari-fari, shi ya sa ake ce masa farin ruwa. Ta biyu tana isowa cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Wannan ruwan a duwatsun ƙasar Gini ya sauka, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso nan a tace, da duhu-duhu, shi ne baƙin ruwa. Manomin tsibiri yakan noma gero da dawa da damina, ya yi shinkafa a fadama, in ruwa ya ja baya ya dasa albasa a bakin gaɓa, yana ba ta ruwa da hannu. Masunci ya san kifin da ke biyo kowace cika, da irin kayan da ake kama shi da su. Shekara irin wannan ba ta da wata guda da aka ware aka ce hutu ne.

Makarantar da ba a rubuta sunan kowa

A gidan Bahaushe na da, uba da uwa ba su ne abokan hirar ƙaramin yaro ba, balle ɗan fari. Kunya ta hana su kiran sunansa, ta hana su nuna masa so a gaban mutane. In ya kai shekara biyu aka tashi yaye, sau da yawa gidan kaka ake kai shi, wani ma can zai zauna har ya girma. Goggo ko inna ko kishiyar uwa tana iya karɓar riƙonsa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta a Giwa ta ƙasar Zazzau, aka buga shi a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta raini 'ya'ya ta aurar da su, kuma ba wanda ya ga baƙon abu a ciki. Wasa da raha an ajiye su ne tsakanin kaka da jika, inda tsohuwa ke kiran jikanta miji, tsoho ya kira jikanyarsa amarya. Tatsuniya ma daga wannan ɗaki take fitowa. Ko a birni haka abin yake: Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda yara ke shiga kowane gida ba shamaki, suna kai aike da talla, su ne ƙafafun matan da ke cikin kulle.

Al'ummun kogi suna da nasu tsarin zumunci, wanda ya bambanta da na Hausawa ta fuskoki da dama. Inda suka yi tarayya shi ne yaro yana da aiki, kuma aikin na gaske ne. Da damina akan ɗaure awaki don kada su yi ɓarna, sai ɗan shekara shida ya fita yankan ciyawa. Shi ke kai abinci gona lokacin noman farko da maimai. In shinkafa ta fara nuna, shi ke wuni yana korar tsuntsaye. In gero ya kosa, ladansa tumu. A cikin kwalekwale aikin farko da ake ba yaro kwarfar ruwa ne, kafin a ba shi filafili, kafin ya iya jefa birgi ko ɗana gura. Daga wurin zamansa a cikin jirgi yake koyon bambanta giwan ruwa da ƙarfasa da tarwaɗa da kurungu, da inda ruwa ke juyawa, da inda dorina ke kwana. Iyo kuwa 'yan'uwansa da suka ɗan girme shi ne malamansa. Frank Salamone, wanda ya zauna a Yauri a farkon shekarun 1970, ya rubuta yadda kokawa ta zama wa samarin Gungawa hanyar sanin kansu da bambanta kansu da maƙwabta.

Kada mai karatu ya ɗauka zamanin nan aljanna ne. Zazzaɓin cizon sauro yana kwasar yara da damina, tsargiya ta zama ruwan dare har wasu suna ɗaukar fitsarin jini alamar balaga, ƙudan da ke kawo makanta yana hayayyafa a ruwa mai gudu, kuma kogi yana cin wanda ya ci. Abin lura kawai shi ne ilimi yana wucewa daga babba zuwa yaro ba tare da wani ya zauna ya ƙudurta koyarwa ba. Wurin da kansa ne ke tilasta shi. Uban da bai taɓa yi wa ɗansa doguwar magana ba yana iya mutuwa ya bar shi ya san duk abin da ya sani, domin tare suka wuni a gona ɗaya da jirgi ɗaya shekara ashirin.

Daminar 1968

An kafa hukumar madatsun ruwan Neja a 1962, aka fara ginin madatsar Kainji a 1964 a zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, kamfanin Impregilo na Italiya ne ya yi aikin. A daminar 1968 aka tare kogin, farin ruwan shekarar ya taru a bayan bango maimakon ya wuce. Janar Yakubu Gowon ya buɗe tashar wutar a Fabrairun 1969. Tafkin da ya samu ya haura kilomita 130 a tsawo, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,300, kansa na arewa yana wajen Yelwa. Ya haɗiye tsohon garin Busa, da babban tsibirin Foge, da yawancin tsibiran Gungawa. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga ƙauyuka fiye da 200.

Da farko hukuma ta gwada biyan diyya da kuɗi, mutane su gina wa kansu. Da abin bai tafi daidai ba sai ta koma gina sababbin ƙauyuka da kanta, da bulon siminti, bisa zane ɗaya. An ƙirga ɗakuna an mayar wa kowa adadinsa. Akwai abin da ba ya shiga ƙirga. Manomin da ya san kowane taku na tsibirinsa ya sami kansa a tudu, a kan ƙasar da ba ta shan lakar kogi. Albasar rani da aka san Gungawa da ita ta sami babban cikas, domin gaɓar da ake dasa ta ta nutse. Kaburburan kakanni da wuraren tsafi da itatuwan da ake kwatance da su duk sun tafi. Kamun kifi ya yi tashin gwauron zabo a shekarun farko, har masunta suka yi ta zuwa daga nesa, sannan ya faɗi ƙwarai kafin ƙarshen shekarun 1970. Ruwan da ya daina gudu ya zama gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Wutar da aka yi duk wannan dominta ta tafi manyan birane, har da Jamhuriyar Nijar, ƙauyuka da dama na bakin tafkin kuwa sun daɗe suna jiranta.

Abin da ya shafi maganarmu shi ne halin da iyaye suka shiga a wannan damina. Uban da ya hau kwalekwale da iyalinsa ya bar tsibiri ya rasa fiye da gona: ya rasa makarantar da zai koyar da ɗansa a ciki. Iliminsa na wani kogi ne da babu shi yanzu. Tafki yana da igiyar ruwa da iskar da kogi ba shi da su, yana da kututturan itatuwa a ɓoye ƙarƙashinsa, kuma cikarsa da ja-da-bayansa sun koma hannun injiniyoyi. Uba da ɗa suka zama ɗalibai a aji ɗaya. Salamone ya lura cewa tashin ya gaggauta wani abu da ya daɗe yana faruwa a hankali, wato Gungawa suna musulunta, suna ɗaukar harshen Hausa da suturar Hausawa, har a kira su Yaurawa. A sabon ƙauye kusa da hanyar mota da kasuwa, Hausa ce harshen ciniki da asibiti da kotu. Ba wanda ya hana uwa yi wa ɗanta magana da Reshe. Amma kalmomin da suka shafi tsibiri sun rasa abin nunawa, kuma kalmar da ba a nuna abinta ba ta daɗewa a bakin yaro.

A wannan shekara ta 1968 wani matashi ɗan Ngaski, Mahdi Adamu, ya kammala kundin digirinsa na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello kan mulkin Yauri a ƙarni na 19. Shi ne daga baya ya rubuta sanannen littafin nan na 1978 kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma, ya kuma shugabanci Jami'ar Sakkwato. Kafin ruwa ya taso, masu haƙar kayan tarihi ma sun yi gaggawar tono a yankin, suka samo kayan yumɓu kusa da Yelwa da suka haura shekara dubu. Dukansu sun gane abu guda: abin da wuri ya daɗe yana adanawa, daga yanzu sai an ƙudurta an adana shi.

Yadda kalanda ta kama yaro

Karatun allo yana da nasa lissafin lokaci tun da can. Hutun mako yana kamawa daga yammacin Laraba zuwa yammacin Juma'a, akwai hutun Sallah da na Mauludi, kuma malamai da almajirai da yawa sukan yi tafiyar karatu da rani su dawo noma da damina. Wato karatu ne ke ba gona hanya. Makarantar boko, wadda Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fara kafa ta gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909, ta zo da wani lissafi dabam, mai zango da rajista da kiran suna. Har zuwa farkon shekarun 1970 shekarar karatu a Nijeriya tana farawa ne a Janairu ta ƙare a Disamba. A 1973 aka mayar da farkonta Satumba, abin da ya daidaita ta da zangon jami'o'i da na Ingila, dogon hutu ya faɗo tsakiyar damina. A Satumban 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka bazu har ƙauyukan da aka tsugunar a bakin tafki.

A ƙasashen da aka aro tsarin ma, ba noma ne ya haifar da dogon hutu ba kamar yadda ake yawan faɗa. Masana tarihin ilimi a Amurka sun nuna cewa manomansu sun fi buƙatar yara lokacin shuka da girbi, kuma zafin birane da son daidaita kalandar makarantu ne suka fi tasiri a ƙarni na 19. A wurinmu abin ya zo da dacewa: ɗan manomi yana samun hutu a lokacin da gona ke nemansa. Har yau a Shanga da Ngaski da ƙauyukan Yauri, hutun damina komawa ne ga tsohuwar makaranta, ko abin da ya rage daga cikinta.

Amma boko ya haifar da wani sabon gida. Yaran da suka shiga aji ɗaya a 1976 su ne suka zama malamai da likitoci da ma'aikatan banki, suka zauna a Sakkwato da Kaduna da Abuja, da Birnin Kebbi bayan ƙirƙiro jihar a 1991. Gidansu na mutum biyu ne da 'ya'yansu, a bayan katanga da ƙofar ƙarfe. Kunyar ɗan fari ta yi sauƙi, uba yana ɗaukar 'yarsa a kafaɗa a bainar jama'a, kuma wannan riba ce. Sai dai kaka tana nesa, goggo ita ma ma'aikaciya ce, maƙwabci ba a san sunansa ba. Mafitar da aka samu shekara da shekaru ita ce a tura yara gida hutu, su yi wata guda a Yelwa ko Wara ko Birnin Yauri, su dawo sun yi baƙi, sun iya cin kifi ba tare da ƙaya ta shaƙe su ba.

Makonni uku a 2021

Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara, ɗauke da mutum fiye da 150, ya tsage ya nutse a tafkin. Kaɗan ne suka tsira, kuma akwai mata da ƙananan yara cikin waɗanda suka rasu. Makonni uku bayan haka, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da rana tsaka, suka kashe ɗan sanda, suka tafi da ɗalibai masu yawa da wasu malamai. An yi ta sako su kashi-kashi. 'Yan mata goma sha ɗaya ne suka fi daɗewa, iyayensu suna ta kai-kawo da neman taimakon jama'a, kuma sai a 2023 na ƙarshensu suka dawo gida, wasu da goyo.

Cikin kwana 22 ƙasa guda ta ga tsohuwar makaranta da sabuwa duk sun kasa mayar wa iyaye 'ya'yansu. Hukumar HYPPADEC, wadda aka sa hannu a dokar kafa ta a 2010 domin al'ummun da madatsun ruwa suka shafa, amma ba ta fara aiki ba sai bayan kimanin shekara goma, ta shiga rabon rigunan ceto da sare kututturai. Gwamnati ta ƙara tsaro a makarantu. Duk da haka, a gidan ma'aikaci lissafi ya riga ya canja. Wanda a da yake sa yaro a mota ya tura shi gida da ɗan'uwa, yanzu sai ya auna hanya, ya auna ruwa, sau da yawa ya ce a bari sai baɗi. A haka dogon hutu ya zama abin da muka sani yau: makonni shida ko bakwai, uba da uwa da yaro da wayar hannu.

Abin da ya rage a hannun iyaye

Wanda ya san wannan tarihi zai fara da sauke wa kansa wani nauyi. Gajiyar mako na biyu ba shaidar rashin ƙauna ba ce. Mutum biyu ne ke ƙoƙarin yin aikin da gari guda ke yi. Neman hannu na uku da na huɗu, ko a ɗauko kaka ta zo ta zauna, ko gidaje uku su riƙa karɓa-karɓa, komawa ne ga abin da aka gada. Da aka ce ɗa na kowa ne, bayanin tsarin aiki aka yi, kuma tsarin yana buƙatar a sake gina shi da gangan a unguwar da ba ta zo da shi ba.

Abu na biyu yaron ne ke koyar da shi. Ɗan shekara biyar yana gane bambancin aikin da ake buƙatarsa a ciki da wanda aka ƙirƙiro don ya yi shiru. Lesin hutu da wasan waya suna cinye lokaci, amma ba wanda zai rasa komai in bai yi su ba. Kwarfar ruwa a kwalekwale kuwa in bai yi ba ƙafar kowa za ta jiƙe, kuma wannan sanin ne ke sa yaro ya miƙe. A gidan birni ma akwai irinsa: tsince shinkafa, ba kaji ruwa, riƙe kuɗin cefane har kasuwa, kula da tushen kuɓewa uku a bayan ɗaki daga shuka zuwa tukunya. Zai ɓata lokaci, zai zubar, kuma uban da ya saba auna yini da agogon ofis zai gane akwai aikin da ba ya saurin da ya wuce na ƙaramin hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa ma sai ya sunkuya.

Na uku ya fi wuya, domin ya shafi tsoro. Bayan 2021 ba wanda zai zargi uwar da ta ce ɗanta ba zai kusanci ruwa ba. Amma mutanen tsibiri, waɗanda suka fi kowa sanin abin da kogi ke iya yi, ba su taɓa kare 'ya'yansu da hani kaɗai ba. Sun koya musu iyo da tsoron ruwa a lokaci guda. Yaron da asalinsa bakin tafki ne, wata rana zai hau jirgi zuwa biki ko jana'iza, ko iyayensa sun so ko sun ƙi. Gara ya hau ya iya iyo, ya saba sa rigar ceto, ya ga ubansa ya taɓa sauka daga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ya jira na gaba. Wannan darasi ba ya shiga ta kunne, sai an yi shi a gaban yaro.

Na ƙarshe shi ne tambayoyin mako na uku. A watan Agusta tafkin Kainji yana kusa da ƙarshen ja-da-bayansa, kafin farin ruwa ya sake cika shi, kuma a lokacin ne kututturan tsofaffin itatuwa ke leƙowa. Yaron da aka kai gaɓa zai tambayi wa ya shuka itace a cikin ruwa. Zai tambayi inda aka haifi kakarsa, in aka nuna masa tsakiyar tafki ya ce ai ba gida a can. Zai tambayi sunan wani kifi, uban da ya yi digiri biyu ya tarar sunan Turanci ne kaɗai ke zuwa bakinsa, ko ma babu. A nan babba yake gane abin da ya zube a hanya tsakanin mahaifinsa da shi. Abin da ya sami Reshe a sababbin ƙauyuka bayan 1968 yana iya samun Hausa a gidajen ma'aikata, kuma ta hanya ɗaya: ba da doka ba, sai don an daina nuna wa yaro abu ana faɗa masa sunansa.

Akwai sauran lokaci, amma ba mai yawa ba. Wanda yake ɗan shekara goma ranar da aka bar tsibiri yanzu ya doshi saba'in. Su ne na ƙarshe da suka yi iyo a tsohon kogin, suka san sunayen tsibiran da jerinsu daga arewa zuwa kudu, suka san yadda ake dasa albasa a bakin baƙin ruwa. Bikin Rigata da ake yi a Yauri yana nuna tseren jirage da bajintar mutanen ruwa, kuma yana da kyau a kai yaro ya gani, amma abin yini kaɗan ne a shekara. Abin da Mahdi Adamu ya yi wa masarauta, kowane gida yana iya yi wa kansa cikin hutu guda: a zaunar da tsoho ko tsohuwa, a bar jika ya yi tambaya, uba ko uwa su yi shiru su kunna rikoda a waya. In hanya ba ta ba da damar zuwa ba, a kira su da dare bayan sallar isha, a sa muryar ta fito kowa ya ji. Yaron zai manta da yawancin abin da aka faɗa kafin a koma makaranta. Wanda ke riƙe da wayar shi ne zai tuna, kuma shi ne za a sake tambaya baɗi.